Sakatar Taragon Ƙarshe

Mijin yayata ya yi aiki a jirgin ƙasa har furfura ta cinye masa gemu, amma ban taɓa ganin ya zauna a kujerar jirgin ba sai bayan ya yi ritaya. A tsaye ya yi aikinsa, bayansa jingine da ƙofa ɗaya. Shi ya sa ake ce masa Sakata. Direbobi da masu duba tikiti da 'yan dakon kowace tasha, duk da wannan sunan suka san shi. Ni ma da shi nake kiransa, tunda ƙanin mata ba ya jin nauyin mijin yayarsa, kuma ko da zan ji, shi ya jawo wa kansa.

Ni mai shayi ne a jirgin. Shi ya samo mini aikin, lokacin da Yaya ta gaji da ganina ina ɗumama benci a ƙofar gida. Ina da ɗan kanti a taragon abinci, ina kuma zagaya taragu da buta da kofuna, shi ya sa yake kirana Mai Buta. Abin da zan faɗa da idona na gani, ba a majalisa na tsinto ba.

Jirginmu na doguwar tafiya ne. Da hantsi yake tashi, kuma wai kafin rana ta faɗi ya kamata ya isa. Wai fa na ce. Fankoki sukan mutu tun ba a bar bayan gari ba. Ruwan banɗaki ya ƙare kafin azahar. A sayar wa mutum biyu kujera ɗaya, a bar su su daidaita da junansu. Akwai akwatin magani rataye a bango da ƙaton kwaɗo, makullin yana aljihun wani da aka yi wa canjin wurin aiki tun ina saurayi. Wani lokaci jirgin ya tsaya cak a tsakiyar daji, babu tasha babu bayani, sai awaki su zo suna kallonmu. Abu ɗaya ne bai taɓa lalacewa ba a jirgin nan, lasifikar da ke cewa fasinjoji su yi haƙuri.

Sakata shi ne mai kula da taragon ƙarshe, wanda ya fi kowane araha, ya kuma fi kowane cika. Tagoginsa duk da sandunan ƙarfe, ko kan jariri ba ya wucewa. Ƙofa biyu gare shi. Ta gaba, da jirgi ya tashi sai ta ɓace a bayan buhuna da katifu da akwatuna da kekunan ɗinki. Ta baya ita ce tasa. Idan ka nufo ƙarshen taragon, banɗaki yana hagunka, ƙofar fita tana damanka. Fenti iri ɗaya, hannu iri ɗaya, ga ƙwan fitilar wurin ya mutu tun tuni.

Harshen makullin wannan ƙofar ne ya karye. Ciki take buɗewa, kuma ba ta buƙatar ƙarfi. Ka taɓa hannun ta buɗe. Jirgi ya sha kwana ta buɗe da kanta. Bayanta kuwa babu komai sai iska da duwatsun layi suna gudu. Abin da Sakata ya sa a gaba ke nan tsawon aikinsa: kada ɗan kowa ya fita ta wannan ƙofa jirgi na tafiya.

Ranar da makullin ya karye ya kai maganar ma'aikatar gyara. Suka ce irinsa sai an yi oda daga waje, yana hanya. Ya dawo ya samu igiya ya ɗaure ƙofar tamau. Ba a yi mako ba sufeto ya shigo zagaye, ya tsaya a kanta.

“Wa ya ɗaure wannan?”

“Ni ne, Yallaɓai. Makullin ne ya karye.”

“Ƙofar fita ce fa. In wuta ta tashi, wa zai tsaya kwance ƙulli?”

Ya ciro 'yar wuƙa ya yanke igiyar, ya tafi da ita don kada a mayar. Doka ta hana a ɗaure, ma'aikatar gyara ba ta da makulli. Makullin da ke hanya kuwa, shiru kake ji kamar an shuka dusa.

Da fari Sakata yakan jawo buhun wani fasinja ya tokare ƙofar, ya tafi sauran hidimominsa. Wata rana zafi ya kayar da wata mata a tsakiyar taragon, ya ruga kantina neman ruwa. Bai san mai buhun ya sauka da kayansa a tashar da muka baro ba. Yana dawowa, ina biye da shi, sai muka hango wata 'yar tsohuwa da butar roba a hannu. Ta ja ƙofar dama, ƙafarta ɗaya ta riga ta fita tana laluben ƙasa. Ya yar da ruwan ya daka tsalle ya cafko ta ta ƙugu, suka faɗo ciki tare. Takalminta ɗaya ya tafi.

Ta tashi tana gyara mayafi, ido ya yi ja.

“Kai ɗan nan, wane irin rashin kunya ne wannan? Ka rungume ni a gaban jama'a?”

“Inna, ba banɗaki ba ne. Waje ne.”

“To takalmina fa? A tsayar da jirgi!”

Har muka isa tana yi masa tas, wai takalmin sabo ne, jikanta ya sayo mata. Ya cire silifas ɗinsa ya ba ta, ta karɓa tana cewa sun yi mata yawa. Shi kuwa ya koma ya jingina da ƙofar, ƙafa ba takalmi. Na ce masa ya zo ya sha shayi hankalinsa ya kwanta. Ya ce, “Kawo nan.” Daga ranar a nan nake kai masa.

Ya koyi yin sauran aikin da baki. Daga inda yake tsaye yake raba faɗan kujera, yake rarrashin masu kuka, yake gaya wa mutane tashar da ke gaba. Shara da kwashe bola sai jirgi ya tsaya. A tsaye yake cin abinci. Sallah kuwa, in ba a dace da tasha ba, a kan wata tsohuwar jarka yake yi, bayansa manne da ƙofa. Maganar da ya fi yi a duniya ita ce hagu. “Hagu, Baba.” “Hajiya, hagu, hagu.” “Ɗan'uwa, ba nan ba, hagunka.” Yakan ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma a lungun nan mai duhu, jirgi na jijjiga mutum, kowa makaho ne.

Abin dariya, mutumin da ya fi kowa kusa da banɗaki shi ne ba ya iya shiga. Sai ya jira na zo wucewa, ya ce, “Mai Buta, riƙe mini.” In tsaya a wurinsa, shayina na hucewa, ina zaginsa a zuci. A nan na san abin da yake ji. In jirgi ya shiga kwana, sai ka ji ƙofar tana turo bayanka a hankali, sai ka ce wani ne a waje yake so ya shigo. Ni kafin ya fito tafin hannuna ya jiƙe.

Kada ka ɗauka ana gode masa. Wasu cewa suke ya tare iska shi kaɗai. In fankoki suka mutu, samari sukan zo su ce ya matsa su buɗe su zauna a matakala. Ya ce a'a, su ce jirgin na ubansa ne? Akwai wanda ya yage masa aljihun riga. Akwai wata mai gilashi da ta kai ƙararsa wai yana tsaye a bakin banɗaki yana kallon mata. Aka kira shi ofis aka ja masa kunne, ya ba da haƙuri, washegari ya koma inda yake.

A gida, ɗaki biyu suke haya a bayan tasha, Yaya na ɗinki a baranda. Duk ranar da ya dawo sai ta shafa masa man zafi. A ƙasan bayansa, daidai inda hannun ƙofar ke danna shi, fata ta yi baƙi ta yi kanta. Yaya takan dangwala wurin ta ce, “Mutum na aura, hukumar jirgi ta dawo mini da katako.” Ya yi dariya ya ce katakon ai shi ke kawo cefane. Ko a gidan ba ya zama a kujera, sai dai ya shimfiɗa tabarma ya jingina da ƙofar ɗaki, mai shiga ya yi ta sallama. In baƙo ya tambayi banɗaki, kafin ya rufe baki Sakata ya ce “Hagu,” alhali nasu yana dama. Mutum nawa ya tura kicin ɗin maƙwabta, Allah kaɗai ya sani.

'Ya'yansu sun watse, kowa da inda abinci ya kai shi. Auta ce ta fi daɗewa a gabansu, kuma ita ce 'yar gaban goshinsa, ko da yake in ka faɗa sai ya musa.

Akwai wata rana da ba na mantawa, don ita ce ta nuna mana ɗaya fuskar ƙofar. Rana tsaka, ina tsakiyar taragon ƙarshe ina zuba wa wani shayi, sai na ji warin roba na ƙonewa. Ashe ƙafar jirgin da ke ƙarƙashinmu ce ta yi zafi. Kafin ka ce me, hayaƙi ya fara ɓullowa ta ƙasan kujeru, baƙi ƙirin. Wata ta ƙwalla ihu ta ce wuta. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Alhazai da manyan riguna, mata da goyo, kowa ya yi ta kansa. Aka yi gaba, aka tarar buhuna sun toshe hanya. Aka juyo baya gaba ɗaya, aka yi kan Sakata. Ni ban san lokacin da na yar da buta ba.

Jirgi kuwa yana ta sheƙa gudu, labari bai kai ga direba ba tukuna. Sakata ya buɗe hannuwa ya riƙe ƙarfen gefe da gefe ya ƙi motsi.

“Matsa! So kake mu mutu?”

“Sai ya tsaya! Wallahi sai ya tsaya!”

Suka yi ta dukansa, da hannu da takalmi da abin da ya samu. Ba ka ganin wanda ke kusa da kai, sai tari da salati. Can muka ji birki ya kama, jirgi ya yi ta ƙugi yana rage gudu har ya tsaya. Sakata ya matsa taki ɗaya gefe. Ƙofar ta buɗe da kanta, kamar yadda ta saba, mutane suka yi ta zubowa waje. Ba wanda ya mutu. 'Yan ƙujewa ne, da wani da ya gurɗe ƙafa. Shi ya rasa haƙori ɗaya na gaba.

Muna zaune a gefen layi ana zuba wa ƙafar jirgin ƙasa da ruwa, yana tofar da jini, sai ya ce, “Ka ga, Mai Buta, sufeto ya fi ni gaskiya.”

“Wane sufeton kuma?”

“Mai yanke igiya. Da igiyata na nan yau, da sai dai a kwashe mu.”

Na ce masa shi dai ya ji da bakinsa. Lasifika ta ce fasinjoji su yi haƙuri, muka koma ciki.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, har ritaya ta ƙarato. A lokacin an rage ma'aikata, mutum ɗaya ke kula da taragu da yawa. Wanda za a ba wurin Sakata mutumin kirki ne, mai iyali, kuma bai ɓoye masa ba. Ya ce, “Baba, ƙafa biyu gare ni. In na tsaya a nan, wa zai duba sauran?” Gaskiya ya faɗa, ba yadda za a yi da shi.

Ga kuma Auta. An yi mata aure a can ƙarshen layi, ta haifi 'yar budurwa da ta fara tafiya, irin yaran nan da ba sa ganin abu mai hannu su ƙyale. Duk bayan 'yan watanni sukan zo ganin gida, kuma taragon ƙarshe suke shiga, don shi ne daidai ƙarfinsu. Na ce masa abin ai mai sauƙi ne, a haɗa mata kuɗi ta riƙa shiga na gaba. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, “Sauran fa? Daga bishiya suka faɗo?”

Sakata ya fara ramewa. Yaya ta ce abinci ma sai ta tsaya a kansa. Ya sa rigarsa ta aiki mai guga ya tafi ofis, na raka shi don ranar ba mu da tafiya. Mai kula da sashen ya saurare shi da kyau, har ya sa aka kawo masa kujera, bai zauna ba.

“Tun yaushe ƙofar take haka?”

“Ta daɗe, Yallaɓai.”

“Mutum nawa suka faɗo?”

“Babu ko ɗaya.”

“To ka gani. Ina da taragon da birkinsa ke wasa, ina da gadar da ke tsagewa. Wanda ya yi ɓarna shi ake fara dubawa. Naka lafiya lau yake.”

Muka fito. A bakin ƙofa na ce masa, “Ka ji ko? Kai ne ka hana a gyara ta. Da ka bar ko akuya ta faɗo, da tuni an sa makulli.” Wasa na yi, amma bai yi dariya ba. Ni ma da na sake juya maganar a raina sai na ji ba daɗi.

Daga nan ya tare a ma'aikatar gyara. Duk ranar hutunsa yana can, zaune a ƙasa jikin bango, da fulas ɗin shayi yana zuba wa makanikai. Shayina fa, kyauta. Babban makanikin abokinsa ne, tare aka ɗauke su aiki suna samari. Ba mugu ba ne, kayan aiki ne babu. Mataccen tarago suke farkewa su yi wa mai rai faci. Sun bi matattun nan ɗaya bayan ɗaya suna neman makulli irin nasa, suka tarar duk an riga an cire. Sakata bai fasa zuwa ba. Babban makaniki yakan hango shi daga nesa ya dafe kai ya ce, “Ga Sakata nan, ya zo hana mu sakat.”

Ana saura kwanaki ya ajiye aiki aka janye taragon ƙarshe don duba ƙafafunsa. Aka dawo da shi da safiyar tafiyarsa ta ƙarshe. Muna isowa tasha muka tarar da makanikai sun yi cirko-cirko a bakin taragon, da baƙin mai a hannu, kowa baki har kunne. Babban makaniki ya kamo hannunsa.

“Zo ka ga kyautar ritayarka, tsoho.”

Suka shigar da shi ta ƙofar gaba, suka ratsa da shi har baya, ina biye. Ƙofar ta sha sabon fenti, sai ƙyalli take. Har ƙwan fitila sun sa.

“Ja mu gani.”

Ya taɓa hannun. Shiru. Ya ja. Shiru. Ya sa hannu biyu ya ja da ƙarfinsa, ko gezau. Makanikai suka sa tafi, wani har da fito. Na ga fuskar Sakata ta saki, irin sakin da ban taɓa gani ba, har giɓinsa ya bayyana. Sai ya ɗora yatsa a gefen ƙofar ya bi da shi daga sama zuwa ƙasa. A ƙarƙashin fentin akwai ƙulli-ƙulli, a jere, har ƙasa. Yatsan ya tsaya.

“Walda kuka yi?”

“Ciki da waje,” in ji babban makaniki. “Ko giwa ba ta buɗe ta. Je ka kwanta ka yi barcinka.”

Sakata ya dubi mutanen nan. Sun ɓata lokacin hutunsu, sun nemo fenti, don shi kawai. Ya ce, “Na gode. Allah ya saka da alheri.” Sai da suka fara watsewa ya jawo abokin nasa gefe, ya rage murya.

“In hayaƙi ya tashi fa?”

Fuskar mutumin ta canza. “Haba Sakata. Haba! Shekara da shekaru kana kuka tana buɗewa. Mun rufe maka, yanzu kuma kukan ba ta buɗewa? Me kake so mu yi da ranmu? Da makulli ya iso zan yanke ta da hannuna, na yi maka alkawari.”

“Yana hanya ko?”

“Yana hanya.”

Kafin mu tashi sufeto ya shigo zagaye, wani sabo ne, tsohon ya daɗe da barin aiki. Ya kama hannun ƙofar ya girgiza, ya ji ta daram, ya ce madalla, ya wuce. Ni kuwa na ce a raina, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Yanzu kowa ta ƙofar gaba yake shiga, na ƙarshe ya shigo da katifarsa ya toshe ta.

A wannan tafiyar ma a tsaye ya yi ta, bayansa jikin ƙofar, ko da yake ba ta buƙatarsa. Fasinjojin da suka san shi suna ta yi masa murna, an gyara, an gyara. Ya ce musu alhamdu lillahi. Da rana na kai masa shayi na tarar fentin bai gama bushewa ba, ya ɓata masa bayan riga.

Yaya ta yi farin ciki da ritayar nan fiye da ranar aurenta. Ta sayo masa kujera mai laushi ta ajiye a baranda kusa da kekenta. Ba a yi nisa ba ta kira ni a waya, ina jin wani irin ƙara a bayanta, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

“Kai, zo ka ga mijin yayarka. Ina jin ritayar nan ta taɓa masa kai.”

“Me ya yi kuma?”

“Ya je wurin mai waldan bakin titi ya sa an manne masa wasu ƙarafa biyu. Ya kawo su tsakar gida yana ta bugu da guduma. Kaina zai rabe. Na tambaye shi, ya ce motsa jiki yake.”

Na ce ta ƙyale shi, tsufa ne, kowa da irin nasa. Ina da tafiya washegari, ban je ba.

Ma'aikacin jirgi in ya yi ritaya akan ba shi katin shiga kyauta. Yawanci a aljihu yake tsufa, don wanda ya sha wuyar jirgin nan ba ya marmarinsa. Sakata kuwa sai ga shi a tasha, da kayan gida, da wata tsohuwar jaka a kafaɗa wadda ta karkatar da shi gefe guda. Masu binciken kaya sun san shi, hannu kawai suka ɗaga masa. Ya shiga taragon ƙarshe ya zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofar baya, ya sa jakar tsakanin ƙafafunsa. Ranar na fara ganinsa zaune a kujerar jirgi. Tun daga nan, duk lokacin da ƙafafunsa suka yarda, yana nan. Yaya ta yi faɗan, ta yi kukan, ta gaji ta koma ɗinkinta.

Ranar da Auta za ta koma gidanta bayan ta zo ganin gida, na shigo taragon da buta tun jirgi bai tashi ba. Ta ce, “Kawu, ina kwana,” ta ci gaba da gyara kayanta. 'Yar tata ta zame ta tafi wurin ƙofar, ta yi ɗage ta kama hannun tana lilo da shi. Ba wanda ya ce mata komai. Da ta gaji ta dawo ta haye cinyar kakanta, yana ce mata amarya ba ta gaishe da ango ba yau. Zafi ya riga ya fara, fankoki ko motsi. Can gaba ana ta jibga buhuna, hasken ƙofar yana raguwa. Na lura hancinsa yake ɗagawa lokaci-lokaci, yana shinshina iska.

Na sa ƙafa na taɓa jakar. Ƙarfe ya yi ƙara a ciki. Na tsuguna na buɗe bakinta: guduma ce, da wani guntun rodi da aka feƙe bakinsa.

“Motsa jikin ke nan?” na ce.

“Rufe, kada ta gani.”

“Tsakaninka da Allah, Sakata, kana ganin wannan za ta fasa waldar can?”

“Na gwada a gida. Irinta na sa aka yi mini.”

“Ta fasa?”

“Ta fasa.”

“To alhamdu lillahi. Ka daɗe kana bugu?”

Ya dubi Auta, ya ga hankalinta na kan waya. Ya gyara wa jikar tasa kwanciya a ƙirjinsa.

“Da hantsi na fara,” ya ce. “Sai da aka kira la'asar.”

Na tuna ranar hayaƙi. Daga warin farko zuwa lokacin da muka daina ganin juna, ko ruwan shayi bai isa tafasa ba. Tsoro ya kama ni, na kuma ji haushinsa, ban san dalili ba.

“To don me kake wahalar da kafaɗarka da ita?”

“To in bar ta a gida?”

Lasifika ta ce fasinjoji su yi haƙuri da jinkirin da aka samu. Jirgi ya yi ƙara ya fizga. Na zuba masa shayi na miƙa, ya ce in ajiye a ƙasa, hannuwansa ba sarari: ɗaya na riƙe da yarinyar, ɗaya na naɗe da igiyar jaka.